YISTI DA ISKA: DARASI A KAN SITIROL

Ina so mu duba wata magana da mu kan koya wa yara a darasin kimiyya. Mu kan ce musu yisti yana iya zama ba tare da iska ba, ya ci sukari, ya fid da barasa da wannan iska da ke kumbura burodi. Maganar nan gaskiya ce, amma rabinta ne kawai. Idan aka hana wa yisti iska ƙwarai da gaske, zai ci gaba da cin sukari, amma bayan haihuwa uku ko huɗu sai ya daina ƙaruwa. Malamin da ya tsaya a kan rabin maganar zai rasa amsa ran da wani yaro mai kaifin hankali ya tambaye shi, don me masu yin yisti na sayarwa su ke hura masa iska dare da rana? Amsar tana cikin wani abu mai kama da kitse wanda a ke kira sitirol. Shi za mu bincika a nan, mu ga siffarsa, mu ga kuma yadda ɗan canji kaɗan a siffar nan ya ke taɓa girman yisti da dukan harkar cikinsa.

YISTI DA TANTANINSA

Yisti halitta ce mai rai, dangin funfuna, amma shi ƙwaya guda ce tak. Wanda a ke sa wa a burodi da fanke sunansa na masana Saccharomyces cerevisiae, shi ne kuma a kan samu cikin bammi da burukutu tare da waɗansu 'yan halittu. Ƙanƙantarsa ta kai a jera wajen 200 kafin su cika milimita guda. Haihuwarsa ta tsiro ce: ɗan ƙullutu ya fito a jikin uwa, ya yi girma, ya rabu. In abinci ya wadata, ɗumi kuma ya yi daidai, ya kan yi haka cikin sa'a ɗaya da rabi ko biyu.

A waje yisti yana da ɓawo mai ƙarfi. Ƙarƙashin ɓawon akwai tantani mai laushi, wanda ko an tula 100,000 bisa juna kaurinsu ba zai kai milimita guda ba. Tantanin nan shi ne iyakar rai. Shi ke tsare abin da ke ciki kada ya tsiyaye, shi ke hana abin da ke waje shiga sai ta ƙofa. An yi shi da 'yan ƙwayoyin mai, kowanne da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Sun jeru sahu biyu, kawuna waje, wutsiyoyi suna fuskantar juna a tsakiya. A cikinsu kuma akwai ƙofofi na furotin, wannan ta shigar da sukari, waccan ta fid da tsami, da sauransu.

To, mai kaɗai ba ya isa. Da sanyi ya kan daskare, da zafi ya kan narke, kamar yadda kowa ya sani ga man ja. Tantanin da ya daskare ƙofofinsa ba sa motsi, wanda ya narke kuwa yoyo zai yi. Aikin sitirol ke nan. Ya kan cusa kansa tsakanin wutsiyoyin, ya riƙe su in sun so sakewa, ya hana su haɗewa in sun so daskarewa, kamar sandunan da ke riƙe da zana.

SIFFAR SITIROL

Ku ɗauki alli ku zana zobe huɗu manne da juna, uku masu kusurwa shida, na ƙarshe mai kusurwa biyar. Kowace kusurwa ƙwayar kabon ce, masana kuwa sun ba kowacce lamba don kada a ruɗe. A kan lamba 3 akwai oksijin da haidirojin, shi ne kan sitirol, mai son ruwa. A kan lamba 17, can ɗaya gefen, wutsiya ta fita. Zoben nan huɗu ba sa lanƙwasa, kusan a shimfiɗe su ke kamar faifai. Fuska ɗaya sumul ta ke, ɗayar kuwa tana da 'yan ƙullutu biyu. Kowane ƙullutu kabon guda ne da haidirojin uku, sunansa metil. Ku riƙe wannan suna, gama shi ne kan maganarmu.

Wannan ƙira ita ce ta dukan sitirol, amma kowane jinsin halitta da nasa ado. Na mutum da dabbobi shi ne kolestirol, mai kabon 27. Na tsire-tsire, kamar sitostirol da ke cikin man gyaɗa, yana da kabon 29, gama an ƙara masa biyu a wutsiya. Na yisti da yawancin funfuna shi ne argostirol, mai kabon 28. Wani mai haɗa magunguna na Faransa, Charles Tanret, shi ya fara tsamo shi a 1889 daga funfunar da a ke kira argot, wadda ke kama wani hatsi na Turai. Dangin funfunar nan suna kama gero da dawa a nan Afirka.

Abu uku ne kaɗai ya bambanta argostirol da kolestirol. Na fari, kolestirol yana da ɗauri mai ninki biyu a wuri guda, watau tsakanin lamba 5 da 6, argostirol kuwa yana da wannan, ya ƙara wani tsakanin 7 da 8. Na biyu, yana da wani ɗaurin mai ninki biyu a wutsiya, tsakanin 22 da 23, wanda ke sa wutsiyar ta yi tauri. Na uku, yana da metil guda a kan lamba 24. Wanda ya dubi zanen su biyu da garaje zai ce abu ɗaya ne. Yisti kuwa ya san bambancinsu sarai.

YADDA YISTI KE ƘERA NASA

Daga sukari ya ke farawa. Ya kan farfasa shi gutsu-gutsu masu kabon bibbiyu, ya yi ta harhaɗa su har ya sami wata doguwar sarƙa mai kabon 30, wadda a ke kira sikwalin. Har zuwa nan ba a bukatar iska ko kaɗan. Daga nan ne tilas sai da oksijin. A kan sa oksijin a bakin sarƙar, sa'an nan ta naɗe ta zama zobe huɗu. Abin da ya fito shi ne lanostirol, sitirol na fari, amma ɗanye ne, gama yana da metil uku da suka yi yawa: biyu a lamba 4, kusa da kai, ɗaya a lamba 14, wanda ya tsiro a kan fuskar nan da ya kamata ta zama sumul.

Sai aikin sassaƙa. Cire kowane metil yana cin oksijin uku, watau tara ke nan. Sa ɗauri mai ninki biyu a lamba 5 yana cin guda, na lamba 22 ma guda. In kun haɗa da na farkon da aka sa a bakin sarƙa, kun sami 12. Watau kowane argostirol guda sai an kashe masa ƙwayar iskar oksijin 12. Lissafin kabon kuma ga shi: 30, a ɗebe 3, saura 27, a ƙara metil na lamba 24, ya zama 28. Konrad Bloch, wanda aka haifa a Jamus ya yi aikinsa a Amurka, yana cikin manyan waɗanda suka bi sawun wannan hanya ta ƙirar sitirol, aka ba shi kyautar Nobel a 1964 tare da Feodor Lynen. Bloch ya nuna cewa sassaƙar nan ba wahalar banza ba ce, gama da kowane metil da aka cire sitirol yana ƙara iya kwanciya daidai a jikin wutsiyoyin mai.

GWAJIN 1953

Tun 1861 Louis Pasteur na Faransa ya nuna yisti yana iya samun ƙarfi daga sukari ba tare da iska ba. Amma shi da kansa ya lura yistin da ya daɗe a rufe ya kan raunana, iska kaɗan kuma ta kan farfaɗo da shi. Dalilin bai bayyana ba sai bayan wajen shekara 90. A 1953 waɗansu masana biyu a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Andreasen da Stier, suka zuba yisti cikin ruwan abinci wanda suka san duk abin da ke cikinsa, suka kore oksijin ƙaf. Yisti ya ɗan ƙaru, ya tsaya. Da suka zuba argostirol, sai ya ci gaba da haihuwa ba iska. A 1954 suka nuna akwai abu na biyu da ya ke bukata, watau irin mai mai ruwa-ruwa kamar wanda ya fi yawa a man zaitun, gama shi ma ƙirarsa sai da oksijin.

Ashe bukatar yisti ga iska iri biyu ce. Akwai ta numfashi, wadda ya ke iya haƙura da ita. Akwai ta gini, wadda ba ya iya haƙura da ita sai in an ba shi kayan ginin a ƙere.

Yanzu ga lissafin haihuwa uku ko huɗu da na ambata. Yistin da ya ƙoshi da iska sitirol ya kan kai wajen kashi 1 cikin 100 na nauyinsa in an busar da shi. In ya sauka zuwa wajen kashi 1 cikin 1,000, haihuwa ta tsaya. A rufe kuwa ba sabo, sai uwa ta raba abin da ta ke da shi da 'yarta. Haihuwar fari, kashi 1 cikin 200. Ta biyu, 1 cikin 400. Ta uku, 1 cikin 800. Ta huɗu, 1 cikin 1,600, an riga an wuce iyaka. Gado ne da a ke ta rabawa ba mai ƙarawa.

Akwai wani hali na yisti da ya taimaki masu bincike. Muddin akwai iska, ba ya karɓar sitirol daga waje, ko da an cika masa ruwan da shi. Sai iska ta yanke sa'an nan ya ke buɗe waɗansu ƙofofi biyu na musamman a tantaninsa ya jawo wanda ya samu. Saboda haka in an rufe shi, sai ya ci irin sitirol da aka ba shi, ta nan kuwa a ke iya tambayarsa wane ya fi so.

WANE SASHE YA FI MUHIMMANCI?

Wannan tambaya William Nes da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya, suka buga sakamakon a 1978. Suka riƙa ba yisti a rufe sitirol iri iri, kowanne an canja masa abu guda, suna ƙidaya ƙwayoyi suna kuma duban siffarsu a madubin likita. Ga abin da suka samu.

Kan nan na lamba 3 tilas ne. In babu shi, babu girma sam, gama shi ke tsai da sitirol a miƙe, kansa wajen ruwa, wutsiyarsa a tsakiyar tantani.

Metil na lamba 4 da na lamba 14 cikas ne. Sitirol mai ɗauke da su, kamar lanostirol, bai raya yisti ba. Wannan ya dace da maganar Bloch: ƙullutu a fuskar da ya kamata ta zama sumul yana hana ta mannewa da maƙwabta, sai a sami rata, rata kuwa yoyo ne.

Cikin abubuwa ukun da suka bambanta argostirol da kolestirol, na wutsiya ne suka fi tasiri. Metil na lamba 24 tare da ɗaurin lamba 22 su ne kan gaba, sai metil ɗin shi kaɗai, sa'an nan ɗaurarrakin da ke cikin zobe. Kolestirol ya raya yisti, amma girman bai kai na argostirol ba.

Har wajen da wutsiya ta karkata yana da muhimmanci. Da suka ba shi sitirol wanda aka ƙulle wutsiyarsa ta fuskanci dama, yisti ya girma. Da aka ƙulle ta ta fuskanci hagu, bai girma ba ko kaɗan, ko da ya ke kayan da ke jikin su biyun daidai su ke, ba ragi ba ƙari. Siffa ce kawai ta bambanta.

AIKI BIYU: CIKA WURI DA KUNNA WUTA

Da farkon shekarun 1980 Leo Parks da ɗalibansa a Amurka suka ƙara gano wani abu. Suka yi aiki da wani yisti mai naƙasa wanda ba ya iya ƙera sitirol ko da akwai iska. Suka ba shi kolestanol, watau kolestirol wanda aka kwance masa ɗaurin nan na lamba 5. Bai girma ba. Suka ba shi argostirol ɗan mitsitsi shi kaɗai, wanda bai isa ya cika tantani ba. Nan ma bai girma ba. Amma da suka haɗa su, kolestanol mai yawa da argostirol wanda bai kai kashi 1 cikin 100 nasa ba, sai yisti ya tashi ya yi ta haihuwa. Suka kira wannan abu tartsatsi, gama kamar ƙyastu ne da tulin itace, kowanne shi kaɗai ba ya dafa tuwo. A 1983 Ramgopal da Bloch suka ga irin wannan taimakon juna tsakanin kolestirol da argostirol.

Abin da wannan ke koya mana shi ne sitirol yana da aiki fiye da guda. Aikin cika wuri a tantani yana son mai yawa, amma ba shi da tsananin zaɓe, kusan duk sitirol mai kai da fuska sumul zai yi. Ɗaya aikin yana son kaɗan ƙwarai, amma sai mai ainihin siffar. In an rasa wannan ɗan kaɗan, ƙwaya ta kan tsaya tun kafin ta fara fid da tsiro. Ta haka a ke fahimtar yadda ɗaurin lamba 5 ya zama ƙaramin abu wajen cika tantani, amma babba wajen kunna haihuwa.

ABIN DA KE FARUWA A CIKI

A zamanin nan masana suna iya kashe ma'aikaci guda cikin masu ƙera argostirol, su bar sauran, su ga abin da zai biyo baya. In aka kashe mai sa metil a lamba 24, yisti yana rayuwa, amma tantaninsa ya kan yi sako-sako, rini da magunguna su riƙa shiga da sauƙi. Ƙofar da ke shigar da tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan furotin, ba ta kan isa tantani ba, sai ƙwayar ta tura ta wurin da ta ke narkar da tarkace. Ga abincin a waje, ga ƙofar an ƙera, amma ba a kafa ta ba. In kuma aka kashe mai sa ɗaurin lamba 5, an ga yisti ya kasa girma a kan abincin da sai da numfashi a ke cinsa, kamar barasa da gilisirin, ko da ya ke yana cin sukari lafiya.

A 2011 masana a Janeba ta ƙasar Suwizalan suka sauya wa yisti ma'aikata har ya riƙa ƙera kolestirol irin namu maimakon nasa. Ya rayu, ya yi haihuwa, ƙofar tiriftofan ma ta yi aiki. Amma ƙofar da ke fid da tsami mai rauni ta gaza, sai ya kasa jure irin tsamin da ɗan'uwansa ke jurewa. Watau kowace ƙofa da irin sitirol da ta ke so kusa da ita.

Yisti kuma yana da ma'aji da mai tsaro. In sitirol ya yi yawa, ya kan ɗaura masa mai a kai ya ajiye shi cikin 'yan ɗigon kitse, ya kwance shi ran bukata. Akwai wani furotin da ke riƙe da argostirol yana zaune shiru. Da zarar argostirol ya ragu hannunsa ya zama wofi, sai ya shiga cibiyar ƙwaya ya ta da masu ƙira, ya sa a buɗe ƙofofin karɓa.

AMFANIN WANNAN SANI

Yanzu mun sami amsar yaron nan. Masu yin yisti na sayarwa suna kiwonsa a kan ruwan rake da ya rage bayan an cire sukari, suna ba shi kaɗan kaɗan, suna hura iska da ƙarfi. Iskar tana sa ya yi yawa maimakon ya ɓata sukari wajen yin barasa, tana kuma cika shi da argostirol. Garin yisti da mai burodi ya saya ya zo da guzurinsa, shi ya sa ya ke aiki nan da nan cikin kwaɓin fulawa. Masu yin giya a masana'anta su ma su kan sa iska cikin ruwan hatsi da farko, wajen miligiram 8 na oksijin a lita guda, sa'an nan su rufe. Yistin da ya rasa sitirol ba ya jure barasar da shi kansa ya ke fitarwa, sai aikin ya tsaya sukari bai ƙare ba.

Akwai kuma bitamin. In hasken rana mai ƙarfi ya bugi argostirol, zobe na biyu ya kan tsinke, gama ɗaurarrakin lamba 5 da 7 suna kama wannan haske, sai ya zama bitamin D2, maganin laushin ƙashi ga yara. Adolf Windaus na Jamus ya sami kyautar Nobel a 1928 saboda aikinsa a kan sitirol da dangantakarsu da bitamin.

Amma babban amfanin yana asibiti. Waɗansu dangin yisti suna cutar mutum. Kandida ita ke sa farin dasashi a bakin jarirai, kiriftokokus kuwa tana kawo wani irin sanƙarau ga masu ciwon ƙanjamau, ta kashe mutane da yawa a Afirka. Wahalar maganinsu ita ce ƙwayarsu ta yi kama da tamu ƙwarai, abin da zai kashe ta ya kan taɓa mu. Argostirol yana cikin 'yan wuraren da muka bambanta, don haka a kansa yawancin magungunan su ke sauka. Nistatin, wanda Elizabeth Hazen da Rachel Brown suka samo a 1950 suna aiki da ma'aikatar lafiya ta jihar Niyok, da amfoterisin B, wanda aka samo daga ƙwayar ƙasa ta yankin kogin Orinoko a Benezuwela, suna kama argostirol su ɓata tantani. Sun fi son argostirol da kolestirol, amma ba su ƙi kolestirol ɗungum ba, shi ya sa amfoterisin ya kan wahal da ƙoda. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa yi wa masu sanƙarau na kiriftokokus allurar amfoterisin da aka naɗe cikin ɗigon mai sau ɗaya, tare da magunguna biyu na sha, bayan gwajin da aka yi a ƙasashe biyar na Afirka.

Fulukonazol da kulotirimazol hanyarsu dabam. Su suna hana ma'aikacin da ke cire metil na lamba 14, sai ƙwayar ta cika da sitirol mai ƙullutu. Tabinafin, wanda a ke shafa wa makero, yana hana sa oksijin na fari a jikin sikwalin. Ga wani abin mamaki kuma: in fulukonazol ya bar metil na lamba 14, ma'aikacin da ke sa ɗaurin lamba 5 shi ke juya sitirol ɗin ya zama dafi ga ƙwayar. Kandidar da ta rasa wannan ma'aikaci sai ta tsira daga maganin. Wannan ɗaya ce daga hanyoyin da cuta ke gagarar magani, shan magani barkatai ko yanke shi a tsakiya kuwa yana ba irin waɗannan ƙwayoyi fili su yaɗu. Malamin ƙauye sau da yawa shi a ke tambaya kafin a je asibiti, ya kamata ya san wannan.

GA MALAMI A AJI

Gwajin kwalba da balan-balan yana da kyau: ruwa mai ɗumi, sukari, yisti, a ɗaura balan-balan a baki, yara su ga ya kumbura. Amma ku gaya musu abin da ya nuna shi ne yisti yana cin sukari a rufe, bai nuna yana iya zama haka har abada ba. Ƙarewar guzurin da wuya a nuna ta a kwalba, gama iska kaɗan da ta saci hanya ta isa ta ɓata gwajin. Wasa ya fi sauƙi. Ku ba yaro guda gyaɗa 64, ku ce shi ne uwar yisti, doka kuwa ita ce wanda ke da 8 ko ƙasa ba ya haihuwa. Ya kira wani su raba, 32 da 32. Kowanne ya kira wani, 16. Sau ɗaya kuma, 8, yara takwas sun tsaya cik. Sa'an nan ku buɗe taga, ku ce iska ta shigo, ku ƙara wa kowa gyaɗa.

Don siffa kuwa, ku yanka kwali mai zobe huɗu guda biyu, ku manna wa ɗaya dunƙulen yumɓu a lamba 14. Ku ɗaure fensir goma da zare, ku sa yaro ya cusa kowane kwali a tsakaninsu. Gani ya kori ji.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abu uku da suka bambanta argostirol da kolestirol.

2. Lanostirol yana da kabon 30, argostirol 28. Nuna lissafin.

3. Don me yisti ke daina haihuwa a rufe alhali sukari bai ƙare ba?

4. Don me amfoterisin ke kashe kiriftokokus, kuma don me ya kan wahal da ƙodar mai jinya?

Wanda ya amsa huɗun nan ba tare da ya duba baya ba, ya isa ya tsaya gaban aji da wannan darasi.